Goron Sunanki da Ba Mu Kai wa Maƙwabta Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Ta-Buza, a Keita.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Ina fatan kun sauka lafiya, kuma hanya ba ta jijjiga ki fiye da kima ba, ke da abin da kike ɗauke da shi. Allah ya tsare ku ciki da waje, ya sa garin ya karɓe ku hannu biyu. Mu nan Buza lafiya lau muke, ban da gwiwata, ita ma ta saba da ni na saba da ita.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin salula. Na gwada waya. Da na ɗauko magana mai tsawo sai ki ce, "To Inna, na ji," kuma ni na haife ki, na san irin "na ji" ɗinki. Takarda ba a katse ta. Ki sami wuri ki zauna, ki miƙe ƙafa, ki karanta har ƙasa.

Ranar da kuka tashi, kina zaune a tasha kuna jiran mota ta cika, kin gaya wa ƙanwarki Nafisa wata magana. Kin ce Keita ba wurin zama ba ne. Kin ce haƙuri kawai za ki yi har watan da za ki taho gida goyon ciki, in kin haihu kin yi arba'in sai ki zarce Yamai wajen kawunki inda kika tashi, shi kuma maigidan in yana son ganinku ya riƙa zuwa hutu. Kada ki yi wa Nafisa faɗa, ba ta ce mani uffan ba. Mai tuyar ƙosai da ke bayanku ce ta ji, ta gaya wa matar mai yankan tikiti, ita kuma ta shigo aron rariya. Kafin motarku ta wuce gidajen ƙarshe, maganar ta same ni ina tsince shinkafa.

Ban yi fushi ba, amma na ji tsoro, kuma har yanzu ina ji. Na ga auren da aka raba gari biyu tun bai yi ƙwari ba, na ga yadda yake ƙarewa. Ba faɗa, ba saki, sai dai a wayi gari kowa ya saba da rashin ɗan'uwansa. Gidanki nake ji wa tsoro. Shi ya sa zan gaya maki yadda na zauna garin nan, da wautar da na tafka kafin in iya zamansa, ko za ki rage wa kanki hanya.

Ni ma 'yar birni ce ranar da aka kawo ni nan. A Maraɗi aka haife ni, bayan babbar kasuwa, inda ba a rasa hayaniya ko da yaushe. Babanki, Allah ya jiƙansa, malamin dabbobi ne, aka turo shi Buza muna da 'yan watanni da aure. Daga Madawa bayan kamyo, babbar motar kaya, muka taho, bisa buhunan gishiri, hanya duk dutse. Da direba ya tsaya ya ce an iso, na duba gabas, na duba yamma, na tambayi babanki, "Ina garin?" Ya ce, "Ga shi kina ciki." Na fashe da kuka gaban 'yan dako.

Don ya lallashe ni sai ya ce shekara ɗaya ce kawai, za a maida mu Tawa ko Maraɗi. Shi ya faɗa ya manta, ni na riƙe gam. Na ƙi kwance kayana. Kwanukan jere suka zauna cikin kwali, labule cikin akwati, keken ɗinkin da gwaggona ta saya mani ma ban fito da shi ba, bisa kwalinsa nake ɗora fitila. Tukunya biyu da tabarma ɗaya nake amfani da su, kamar wadda ta zo jinya. Kullum babanki ya dawo daga aiki, ya gaji da bin shanu cikin rana, abin da ke tarbarsa shi ne, "An ce wani abu game da tashinmu?" Ban lura ba sai daga baya cewa ya fara daɗewa a waje, yana zama gindin bishiya da mutane har sai yunwa ta koro shi. Ba wata ya gani ba. Tambayar nan yake gudu, don na mai da aikinsa laifinsa.

To ki kwance kayanki, duka. Ki yi jere, ki rataya labule, ki kafa ƙusa a bango ko gidan haya ne. In kin sami ɗan zogale ki dasa, kada ki tsaya lissafin wa zai ci ganyensa. Shi kuma yaron nan, maigidanki, ki tuna shi ma baƙo ne a Keita, bai san kowa ba, kunya ce ke hana shi ce maki shi ma yana kewa. Ba shi ya zaɓi inda aka tura shi ba. In ya shigo, ki ba shi ruwa ki tambaye shi yadda ya yini.

Wauta ta biyu a bakina take. Duk abin da na gani sai na auna shi da garinmu, kuma da ƙarfi. A kasuwa in ɗaga tumatir in ce, "A Maraɗi wannan ko akuya ba a ba." A famfo in ce, "A Maraɗi ruwa har cikin gida." A gidan buki in ce, "A Maraɗi ba haka ake ɗaurin kallabi ba." Ban san an raɗa mani suna ba sai ranar da na ji wata na cewa, "Ku matsa ma Amaraɗi ta ɗebi ruwa." Na waiga ina neman Amaraɗi, na ga kowa ni yake kallo.

Wadda ta gaya mani gaskiya ita ce Inna Tsahara, tsohuwar nan ta bayan katangarmu da kike kai wa sabulu in kin zo hutu. Lokacin da ƙarfinta, tana sayar da fura, muryarta har bakin kasuwa. Mijinta Malam Ada yana noman albasa a kwarin Tama. Ita ta fara aiko mani da tuwon dawa ranar da muka sauka. Wata rana ta shigo ta tarar ina cikin yabon Maraɗi, ta dubi kwalayen da ke jingine da bango, ta ce, "Ɗiyata, in Maraɗi ta hi nan daɗi, don mi ba ki ɗauko ta ba cikin kwalayen ga da kinka ƙi buɗewa?" Na ji haushi, na yini ban leƙa ta katanga ba. Amma ban daina ba, don 'yar birni ba ta jin magana da wuri, ke ma shaida ce.

Ki kiyayi "a Yamai". Na ji ki da kunnena kin faɗe ta a gidan nan ba sau ɗaya ba, kan burodi, kan wuta, har kan yadda jakuna ke kuka. Mutanen Keita sun san akwai Yamai. 'Ya'yansu sun je inda ya fi Yamai nisa wajen biɗa, neman kuɗi, sun ga teku, sun dawo. In kin ga abu mai kyau a garinsu ki yaba da baki, in kin ga akasin haka ki haɗiye, ki gaya mani a waya in taya ki.

Yanzu ga babbar, wadda saboda ita na ɗauki biro.

Lokacin da nake ɗauke da cikinki, da ya tsufa, ba ni da uwar da zan je wa goyon ciki, ta rasu tun ina ƙarama. Gwaggona ta so ta zo, amma damina ce, kwari ya cika ya yanke hanya. A likitar Buza, ɗan asibitin garin nan, na haife ki, ba dangi ko ɗaya kusa. Muna dawowa gida na tarar da Inna Tsahara ta riga ta kafa murhu bayan ɗaki, ta ɗora babbar tukunyarta, ta tara itace da ganyen dogon yaro. Ba wanda ya roƙe ta. Safe da marece take zuwa ta yi mani wankan jego, tana fyaɗa mani ruwan zafi ina ihu tana cewa, "Yi kuka da kyau, a Maraɗi ma haka a ka yi." Ta dama mani kunun kanwa, ta wanke ki, ta gasa maki cibi. Matan unguwa suka yi ta shigowa barka, wannan da ƙwaryar gero, waccan da ɗan man shanu.

Ana cikin haka babanki ya shirya suna irin na ma'aikata. Ya sa aka buga masa katin gayyata a buro, wurin aikinsu, ya rarraba wa abokan aiki: malaman lakwal masu koyar da boko, jandarmomi, ma'aikatan likita. Ya je da kansa ya gaya wa liman. Ya sayo rago da buhun shinkafa da kwandon goro. Sannan ya tsaya bakin ƙofa ya tambaye ni, "Maƙwabta fa? A kai masu goro?" Ina kwance ina ba ki nono na ce, "Su da ke jin kukanta safe da rana? Su da suka shigo barka? Ai sun sani. In sun zo a raba masu nan." Ya ce to. Ki lura, ya tambaya. Ni ce na hana.

Ranar suna Inna Tsahara ta zo bayan sallar asuba kamar kullum. Ta yi mani wanka, ta wanke ki, ta miƙo mani kunu, sannan ta gyara ɗaurin zanenta ta nufi ƙofa. Na ce, "Inna, ina za ki? Yau fa suna." Ta waigo ta ce, "Ashe? To Allah shi raya." Ta fita. Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce irin tata.

A waje an jera kujeru, an shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Kujerun suka cika da ma'aikata, tabarmin ba kowa sai liman da ladan. Aka raɗa suna, aka yanka rago, aka shafa fatiha. Ma'aikata suka sha shayi, suka duba agogo, suka kama hanyar buro. Hantsi ya ɗaga, ga rago rataye, ga buhun shinkafa ba a ko kwance bakinsa ba, ga kwandon goro cike, tsakar gida wayam. Ba mace ko ɗaya. Ba tukunya, ba turmi, ba guɗa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne unguwar ta yi tsit, ko dakan da nake ji kullum ta katanga ban ji ba. Na rungume ki na yi ta kuka, na ce ashe haka suka tsane ni, sai yau suka tashi rama Maraɗi.

Babanki ya fita kamar zautacce. Malam Ada na zaune ƙofar gidansa yana tufkar igiya, wurin da ko tari ka yi a gidanmu zai ji. Abin da suka yi babanki ya ba ni labarinsa ya fi a ƙirga, har na haddace.

Ya durƙusa ya ce, "Malam Ada, laifin me muka yi maku?"

Malam Ada ya ce, "Laihi? Babu laihi, Malam. Mun ga kujeru, mun ɗauka bukin ma'aikata na."

"Amma ai kun san an haihu. Kun san yau suna."

"Mun jiya. Kajin unguwa ma sun jiya. Amma ba a gaya muna ba." Ya ci gaba da tufkarsa, sannan ya ƙara, "Malam, in wahala ta, ba mu jiran kira. Amma wurin cin shinkahwa, wanda ba a gaya ma ba in ya tahi, cikinai ya kai shi. Mu kuwa muna da gero gida."

Babanki ya ce a nan ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Ya dawo ya ɗauki kwandon goro, yana sanye da babbar rigarsa ta shadda mai sitaci. Gidan Malam Ada ya fara shiga. Ya yi sallama, ya tsuguna nesa da Inna Tsahara, matar da hannunta bai gama hucewa daga ruwan wankana ba, ya miƙa goro ya ce, "Inna, na zo in shaida maku, Allah ya sauki iyali lafiya, yau ne suna."

Ta tafa hannu ta ce, "A'a! Barka, barka! Mi anka samu?"

Ya ce, "Mace."

Ta ce, "Macce! Allah shi raya, shi sa mai jinƙan iyaye ta." Ko murmushi ba ta yi ba. Ta kwashi kason mata ta ƙulle a gefen mayafi, ta ce wannan ita za ta raba.

Malam Ada ya ajiye igiyarsa ya shige gaba, babanki na biye da kwando cikin rana, gida gida. Ko'ina haka aka yi masa. Mutumin da matarsa ta kawo mani man shanu shekaranjiya ya zaro ido ya ce, "An haihu? Yaushe?" Wani tsoho ya tsare shi sai da ya faɗi sunan ubansa da na kakansa kafin ya karɓi goro. Babanki ya ce sitacin rigarsa ya narke ya bi bayansa, amma tun da aka turo shi garin bai taɓa sanin ƙofofin unguwarsa ba sai ran nan.

Ni ina ɗaki ban san abin da ake ciki ba, sai na ji wata ƙara kamar ana gangaro da ganga. Manyan tukwane ne ake mirginowa. Kafin azahar gidan ya cika ya batse: masu itace a ka, masu turmi, masu taɓare, masu faifai. Wata ta rangaɗa guɗa a kunnena har kika firgita. Da na share hawaye na dube su da kyau, sai na ga hannuwansu da ƙafafunsu baƙi wuluk da lalle, kawunansu sabon kitso, zannuwansu na cikin akwati. Lalle ba ya kama haka cikin awa ɗaya. Ashe tun jiya suka shirya, tun safe kowace na zaune ɗakinta da kwalliyarta, ta ƙi ɗora tukunya, tana kasa kunne ta ji sallama. Wata mai suna Hajo ta dungure mani kai ta ce, "Amaraɗi, kin kusa kashe mu da zama! Tun jiya munka ƙunsa lalle sabadda ke."

Ban taɓa jin kunya da daɗi lokaci guda kamar ran nan ba. Da marece Inna Tsahara ta ɗaga ki sama gaban mata ta ce, "Ku dube ta da kyau. Wagga ba ɗiyar Maraɗi ba ta, Ta-Buza ta." Daga nan sunan ya bi ki, ni kuma ya yi mani rana, tunda 'yar fari ce ke, bakina ba ya iya kiran na yanka.

Abin da nake so ki ɗauka ke nan. A ƙaramin gari kowa ya san labarinki, wani lokaci kafin ke ki sani. Amma sanin bai ishe su ba, so suke ki taka da ƙafarki ki gaya masu, don ta haka suke gane kin ɗauke su mutane. Saƙon da za ki tura wa jama'a a salula lokaci guda ba zai yi wannan aikin ba. Ki nemi dattijuwa a maƙwabtanki, ba za ki rasa ba, kowace unguwa tana da tata. Ki ce mata, "Inna, ni baƙuwa ce, ki zagaya da ni in gaida mutane." Sun riga sun san sunanki da aikin mijinki da yawan akwatunanki, duk da haka ki faɗa masu, za su yi kamar yau suka fara ji. In an yi rasuwa ko ciwo, ki tafi ba sai an kira ki ba. In buki ne, ki jira a gaya maki. Ranar da za ki taho nan, ki bi gida gida ki yi sallama, ko da cikin ya riga ki shiga ƙofa.

Bayan na yi arba'in Inna Tsahara ta zo ta tsaya kaina sai da na buɗe kwalayen nan kaf. Da keken ɗinki ya fito ta riƙe baki ta ce, "Kina da wanga kina zaune kina ƙirgan ƙudaje?" Ashe matan sun ga 'yar rigar da na ɗinka maki da hannu ranar suna, sun yi ta maganarta. Kafin ƙaramar salla ɗakina ya cika da atamfofi. A Maraɗi da ni ɗaya ce cikin teloli barkatai, ba mai waiwayata. A nan ni ce mai wuyan riga irin na birni, har daga Tama ake kawo mani ɗinkin amare.

Ke kin ce me za ki yi a Keita da takardarki ta jami'a. Takarda ba ta ruɓewa, ki ajiye ta inda gara ba za ta ci ba, ki ci gaba da neman aiki. Kafin nan ki duba unguwa. Akwai 'yan mata masu shirin jarrabawa da ba su da wanda zai zauna da su ya warware masu lissafi da faransanci. Ki fara da ɗiyar maƙwabta, bisa tabarma, bayan la'asar. Ba sai kin yi talla ba, mai tuyar ƙosan Keita za ta yi maki.

Akwai wata wautar kuma da na yi bayan na saba, don kada ki ɗauka daga ranar sunan nan na zama waliyyiya. Da na ga an karɓe ni, sai bakina ya buɗe ta wani gefen. Wata rana a layin famfo na ce wa matar da ke kusa da ni mahaucin bakin kasuwa ba ya tsoron Allah, ƙashi yake sayarwa da sunan nama. Ta ce, "Haka na?" Na ce wallahi. Ashe ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi mahaucin bai taɓa tayar mani da maganar ba. Sai dai daga ranar, duk lokacin da na je sayen nama, sai ya zaɓo tsoka zalla, ya ɗaga sama gaban mutane, ya ce, "Madam, a duba da kyau, ko akwai ƙashi." Na fi shekara ina sayen nama kaina a ƙasa. A gari irin wannan duk wanda za ki yi maganarsa, mai sauraronki ko ɗan'uwansa ne, ko surukinsa, ko sun sha nono ɗaya. In ba alheri za ki faɗa ba, ki yi zancen zafi da tsadar albasa.

Ba zan yi maki ƙarya in ce zaman duk daɗi ne ba. Wuta za ta ɗauke lokacin da zafi ya fi tsanani. Da bazara famfo zai yi ta huci ba ruwa, ki bi masu kura da ido. Bayan girbi maza za su watse biɗa, gari ya koma na mata da tsofaffi. Fuskokin da kika gani jiya su za ki gani gobe. Za a san ranar da kika dafa nama da ranar da kuka yi faɗa, za a ƙirga maki watannin cikinki fiye da yadda ke kike ƙirgawa. Akwai ranakun da za ki zauna ki ji kamar duniya tana can tana tafiya an bar ki a baya. Na ji haka, na yi kuka, ya wuce, ya sake dawowa, ya sake wucewa.

Amma akwai abin da ban san ina so ba sai da na same shi nan. Ina fita da safe, daga ƙofata zuwa kasuwa ba wanda ba zai kira ni ya tambayi gwiwata ba. Ban taɓa kulle ɗaki don zan je unguwa ba. Na san hannun da ya noma geron da nake ci. In ruwa ya sauka, duwatsun nan da suka sa ni kuka ranar farko sai su yi kore shar, ki tsaya ki yi ta kallo. Keita ma na taɓa zuwa gaisuwa, na ga tabkinsu da itatuwan kwarinsu, na ci cukun da ake kawowa daga wajen Ibohaman, wanda har yau ban ci irinsa ba. Ki nemo shi ki ci da shayi, ki aiko mani da nawa.

Takardar tashin da na yi ta jira ta zo daga baya, kina tafiya da ƙafarki lokacin. Babanki ya shigo da ita yana murna zai ba ni albishir. Na karɓa na duba, na dubi tarin ɗinkin mutane, na ji Inna Tsahara na kiran sunanki ta katanga, sai na ce masa, "Ba a iya roƙo a bar mu?" Ya zauna ya yi dariya har da hawaye. Ya roƙa, aka bar mu. Da Allah ya karɓi ransa, kafin in lalubo mayafina an haƙa kabari, an ɗinka likkafani, an shimfiɗa tabarmi har bakin titi, kuma a wannan karon ba wurin saka ƙafa. Dangina suka zo daga Maraɗi suka ce in tattara in koma gida. Na ce masu ai ina gida.

Ba ina ce maki ki mutu a Keita ba. Wataƙila a ɗauke ku baɗi, wataƙila ku daɗe, Allah kaɗai ya sani. Ina ce maki ne iya zaman da za ki yi, ki yi shi da gaske, kusa da mijinki, ba da ƙafa ɗaya a mota ba.

Goyon ciki kuwa haƙƙinki ne, ki taho. Abin da ni ban samu ba ke za ki samu. Na sa an yaɓe ɗakin gabas, na fara tara itace, kuma hannuna bai manta zafin ruwa ba, ki shirya ihu. In kin yi arba'in ba zan ɗaure ki in jefa a mota ba, ke ba yarinya ba ce, shawara tsakaninki da maigidanki take. Ƙofar gidan nan ba za ta taɓa rufuwa gare ki ba, ko ta ina kika ɓullo.

Sai dai in gaya maki abin da zan duba ranar da mota za ta sauke ki ƙofar gida. Ba cikinki zan fara kallo ba, bayanki zan kalla. In ke kaɗai kika sauko, mijinki na janye da akwati, zan rungume ki in yi maki sannu da zuwa, ba zan ce komai ba, amma zuciyata za ta san inda aka kwana. In kuwa na ga wata matar Keita ta sauko bayanki, wadda ban taɓa gani ba, ta ɗauko maki ƙunshi a ka, tana yi wa direba faɗa don ya faɗa rami da ke, tana ce mani, "Ga ɗiyarmu nan mun kawo amana, in ta yi arba'in mu za mu zaka mu ɗauke ta," to ranar ko gwiwar nan ba za ta hana ni rawa ba.

Allah ya sauke ki lafiya, ya raba ki da abin da ke cikinki lafiya. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya, da sharrin baki, da ciwon da ba a san kansa ba. Ya sanya albarka a aikin maigidanki, ya zaunar da ku lafiya, ya ba ki mutane a inda kike. Nafisa na gaishe ki, ta ce in shaida maki ba ita ba ce. Ki gaida maƙwabtanki, ki ce masu uwarki ta Buza tana gaishe su tun kafin ta san sunayensu.

Wassalam.

Mahaifiyarki.